Sifikar babur na kuka in an murɗa totur

Mai tambaya:
Jama'a, me ke sa sifikar babur kuka "tsiii", yana ƙaruwa in an murɗa totur? Da an kashe inji sai ta yi shiru.

Amsa ta 1:
Malam, kukan da ke bin totur daga ɓangaren caji yake. Sa mita a batir inji na aiki, ya kamata ka ga volt 13.5 zuwa 14.5. In ya haura 15, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar caji, ta lalace. In daidai ne, duba negatif ɗin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sifika ƙarfin sauti. Kada a ɗaura shi a bodi mai fenti ko tsatsa, a kai shi kan batir kai tsaye. Fozitif ma haka, da fis dab da batir.

Amsa ta 2:
A bambance dai. In "ƙas-ƙas-ƙas" kake ji, fulogi ne. Sa mai harafin R a lambarsa, wato mai rage wannan ƙara, ko hular fulogi mai ohm 5,000. Wayar sauti kuma a nisanta ta da kwayil.

Amsa ta 3:
Zare cajar USB tukuna ka saurara. Wayar salula na caji kuma tana haɗe da amfilifaya ta AUX, negatif ya zama hanya biyu kenan, shi ma yana kawo kuka. Bluetooth na raba wannan gardamar.