Rage lokacin dahuwar burukutu saboda tsadar itace

Mai tambaya, daga Jos:
Iyayena da yayyena masu wannan sana'a, kuɗin itace ya fara cinye ribar burukutu, shi ya sa nake tunanin rage lokacin da tukunya take yi a kan wuta, amma ina so in ji daga bakin waɗanda suka gwada kafin in yi asarar tsiron dawata.

Wata dattijuwa daga Langtang:
'Yata, dahuwa biyu ce, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. Ta farko, wadda ake yi wa ƙullun da ya kwanta bayan an tsiyaye ruwan da ya taso an ajiye shi gefe, ba ta son gaggawa ko kaɗan, domin sai ƙullun ya nuna har muciya ta yi nauyi a hannu, sannan ruwan da aka ajiye zai iya mayar da shi zaƙi idan an haɗa su. Wata damina da itacena ya jiƙe, dole ta sa na sauke da wuri. Washegari tsamin ya zo daidai, amma da na tace sai na ga rabin dawar ya tafi cikin dusa, abin da ya rage kuma ya fito salala. Aladu ne suka ci ribar wannan tukunya.

Wata mai dafa fito, wato giyar dawa 'yar'uwar burukutu, daga Wa, arewacin Gana:
Gaskiyar Iya ce. Ni dahuwa ta biyu na rage, wadda ake yi bayan kwanan tsami, kuma fito ya yi, sai dai bai ƙone ya kama jikinsa ba, ƙarfinsa ya ragu, kuma ya fi saurin lalacewa.

Wani mazaunin Jamus:
A nan da tsiron sha'ir muke yin giya, kuma al'ada ita ce a jiƙa shi minti 60 a ruwa mai zafin digiri 66 ko kusa da haka, a tafasa wani minti 60. Na mayar da kowanne minti 30, na ɗiga aidin a kan cokali ɗaya na ruwan, bai koma baƙi ba, alamar sitacin ya riga ya zama sukari. Abin da na gyara kawai shi ne na ƙara furen hop, wanda ake sa wa giya don ta yi ɗaci, tunda ɗacinsa ba ya gama fita a gajeren tafasa, na kuma rage ruwan da nake zubawa tun farko. Amma 'yar'uwa, kada ki auna dawa da wannan. Sitacin sha'ir yana narkewa a zafin da sinadaran tsiro masu mayar da sitaci sukari suke aiki, na dawa kuwa sai zafin ya haura inda sinadaran suke mutuwa, dalilin da ya sa iyayenmu suke raba ruwan da ƙullun tun farko.

Dattijuwar Langtang ta ƙara da cewa:
Idan itacen ne damuwarki, ki kewaye murhunki da laka, ki bar ƙofa ɗaya, ki kuma daina hura wuta a bakin iska.