Baba ya zauna, ƙafa ta fara ƙi

Ɗan Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu shekararsa 73, tela ne a kasuwar Garwa tun ba a haife mu ba. Bara muka ce ya huta, muka ɗauke keken ɗinkinsa. Tun daga nan yana zaure, daga shayi sai goro. Masallaci ma ƙanena ke kai shi a babur. Yanzu in zai miƙe daga tabarma sai ya dafa bango, kuma an auna an ce jininsa ya hau. Wane maganin ƙarin ƙarfi kuke saya wa iyayenku?

Hajiyar Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka ji haushina, ku kuka zaunar da shi. Ni na haura 68, har yau da kaina nake share tsakar gida, jikoki na ta mita. Ku mayar masa da kekensa, ai na ƙafa ne. A kasuwa yake ganin mutane, a yi ciniki, a yi gardama. Babur kuwa a bar shi sai ranar ruwa.

Nas daga Kusuri: Gaskiyar Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, tafiya masallaci da asuba da magariba za ta cike da yawa daga cikin mintunan. Amma yaya, leƙa tukunya. Gishirin yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da na cikin Maggi. Gidaje da dama dunƙule uku ake jefawa a miyar yakuwa, a ƙara gishiri. A rage, a sa daddawa. Idan an ba shi maganin hawan jini, kada ya ajiye don ya ji sauƙi. Sai ruwa: zafin Garwa a Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, tsoho kuma ba ya saurin jin ƙishirwa. A ajiye masa kofi kusa da randa.

Direban Injamena: Shayin dai kada ku hana, faɗa za a yi. Na gwada da tsohona, kwana uku bai amsa gaisuwata ba. Sukarin muka riƙa ragewa a hankali, goro kuma ya tsaya daga la'asar, barci ya dawo.

Ɗan Garwa: Na gode ƙwarai. Hajiya, maganarki ta yi zafi amma na ji. Keken yana ɗakin yayata, ɗazu na aika a ɗauko. Baba ya ce a fara sayo masa mai da sabuwar allura.