Yarinya a babban matsayi a fim: shawarwarin masu sana'ar

Tun da aka sake buɗe gidajen sinima a Saudiyya a 2018 ake neman sababbin fuskoki. Ga abin da masu harkar fim cikin Hausawan Jidda suka tsayar game da yarinyar da za ta ja labarin tserewa daga ƙunci.

Kwantiragi tukuna. Waliyyinta ya karanta labarin duka, ba shafukan da aka tsamo masa ba. A rubuta kuɗi, ranar biya da awannin aiki, a kuma duba ko iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta yarje mata aikin.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun kuka. Ba a ɗaukar fim a jere: ana iya ɗaukar guduwarta yau, dukan da ya jawo gudun sai mako mai zuwa. Don haka ta rubuta a gefen kowace fitowa abin da ya gabace ta. Kada kuma ta ƙarar da hawayenta a ɗaukar nesa, domin sau da yawa ta kusa ce ke biyo baya, sai kyamara ta matso fuskarta ido ya riga ya bushe.

Wata babba daga gida ta riƙa raka ta.