A taimaka min da waƙoƙin folk rock da zan koyi ƙirgen bugu da su

Ɗan Kurna: Salamu alaikum 'yan zaure. Wata uku ke nan ina koyon jita, kuma duk waƙar folk rock (kiɗan gargajiyar Turawa da aka haɗa da kiɗan rock) da na ɗauko 4/4 ce, wato bugu huɗu-huɗu ake ƙirga mata. Hannuna ya saba har abin ya fara gundura ta. Don Allah a ba ni waɗanda awon bugunsu ya bambanta in gwada.

Mai Sarewa: Wa alaikumus salam. Fara da mai sauƙi, ƙanena. Nemi House of the Rising Sun ta The Animals, ta 1964. 6/8 ce. Ka bi yadda mai jitar ke taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, kana ƙirga shida, za ka ji ta zauna daram.

Ɗan Kurna: To Yaya, mene ne bambancinta da 3/4? Ai a lissafi duk ɗaya ne.

Anti Ladi: A takarda ne suke ɗaya, a kunne kuwa sam. A 3/4 bugu uku ne, kowanne ya rabu biyu. A 6/8 bugu biyu ne manya, kowanne ya rabu uku: ƊAYA biyu uku, HUƊU biyar shida. Ajiye jitar tukuna, ka sa The Times They Are a-Changin' ta Bob Dylan, wadda take 3/4, ka yi mata tafi. Sannan ka koma wa ta The Animals. Ta farkon taku take yi, ta biyun kuwa lilo, kamar ana jijjiga jariri a baya.

Mai Goge: Anti ta gama magana. Ni dai kullum faifan Liege & Lief na Fairport Convention nake tura mutane, na 1969, daga Ingila. Akwai wurin da suka jera kiɗe-kiɗen rawa na gargajiya guda huɗu ba tsayawa. Suka buɗe da The Lark in the Morning a 6/8, suka faɗa Rakish Paddy a huɗu-huɗu, sai Foxhunter's Jig a 9/8, wato uku sau uku, suka rufe da Toss the Feathers. Dave Swarbrick ne a kan goge, amma ka bar kunnenka wajen Dave Mattacks mai ganga, ka ji yadda yake sauya taku ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Darasi uku a zama ɗaya.

Bature: Ba wanda zai ambaci Living in the Past ta Jethro Tull? 5/4 ce, ita ma 1969.

Mai Goge: Wannan ai ba folk rock ba ce tsantsa, Malam.

Bature: Sarewa ce ke jan ta, me kuma ake nema? 😂

Anti Ladi: Ku bar musun nan. In biyar yake so, River Man ta Nick Drake ta fi masa, don a hankali take tafiya. Tana cikin faifan Five Leaves Left. Ni na yi shekara ina jin ta ban san 5/4 ba ce, sai ranar da na yi ƙoƙarin kaɗa ƙafa na ga kullum bugu ɗaya na yi min saura. Ƙirga ta uku da biyu: ɗaya biyu uku, ɗaya biyu.

Mai Sarewa: Amma kada wani ya tura shi wajen Light Flight ta Pentangle yanzu. Tsakanin 5/8 da 7/8 take kai-komo, za ta sa yaron nan ya sayar da jitar.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai. Na gwada ta The Animals yanzun nan, shidan na fita, amma da na zo sauya yatsu sai ƙirgen ya ɓace min. Bari in koma tafi kamar yadda Anti ta ce.