Muhawara: Zarton lantarki da aka kife ƙarƙashin tebur, ya isa yankan haɗi?

Mai Zarto: Ni dai ra'ayina, ya isa. A samu filawud mai kauri milimita 18, a ɗaure zarton lantarkin a ƙasansa da bolti huɗu, a nutsar da kawunansu kada su tokare katako. Ruwan zarton ya leƙo sama, shi ke nan ka yi tebur. Haɗin mace da namiji ma, wato harshen katako da ramin da yake shiga, zai fita tsaf.

Tsohon Kafinta: Malam, ka tsallake abin da ke cin yatsu. Da ka kife injin, murfin ruwan ya koma ƙasa, haƙora tsirara suke. Kuma haƙoran baya sama suke tasowa. Katako na matse su, sai su ɗaga shi su jefo maka a ciki, hannunka kuma ya zarce gaba. Injin da ke juyi wajen 5,000 a minti ba ya jiran ka janye. Maganin wannan ƙarfen nan ne da ke tsayawa bayan ruwan yana hana tsagin rufewa, tazararsa da haƙora kada ta wuce milimita 8. Tebur ɗin gida nawa ke da shi?

Mai Gyaran Inji: Baba ya yi gaskiya, ga kuma makunni. Yawanci ɗaure shi ake yi da waya ya zauna a kunne. Wuta ta ɗauke, ka sa hannu kana kwashe gutsattsari, ta dawo. A sa makunni a gaban tebur, irin wanda ba ya tashi da kansa sai an sake dannawa.

Mai Zarto: Na yarda da makunnin. Amma haɗi ai ba tsaga doguwa ba ce. A yi tire mai sanduna biyu da ke zamewa cikin kwarin tebur, a matse katakon a jikinsa. Hannu na nesa, katako ba ya karkacewa. Namiji kashi ɗaya cikin uku na kaurin katako, a fara yanke kafaɗa, wato gefen da ke tokare macen, sannan a ci sauran kaɗan-kaɗan.

Tsohon Kafinta: Tiren na rage haɗari, ban musa ba. Sharaɗi ɗaya: kada bakin katakon ya jingina da katakon jagora, wanda ake kafawa a gefen ruwan, lokacin yankan gicciye, guntun zai maƙale tsakaninsa da ruwan ya harbo. Sannan zurfi fa? Ruwa mai faɗin milimita 185 na cin wajen 60, filawud ya cinye 18, saura 40 da ɗoriya.

Mai Gyaran Inji: Ni inda na fi shakka shi ne daidaito. Farantin gindin zarton lantarkin siriri ne, yana lanƙwasa, makullin zurfin kuma na saki da girgiza. Kafaɗa ta kauce da rabin milimita, haɗi ya buɗe baki, gam ba zai rufe ba. Sai an riƙa aunawa da sikwaya, injin a zare daga soket, a gwada a guntun banza tukuna.

Mai Zarto: To a bar namijin da ɗan kauri, a ƙarasa da cizal.

Tsohon Kafinta: In cizal ne zai ƙarasa, haɗi huɗu ko takwas zarton hannu marar lantarki ya gama su kafin ka gama saita teburin. Sai in guda hamsin ne iri ɗaya, nan kam mu dawo kan maganar ƙarfen bayan ruwa.