Granit Xhaka: shi ne ya sauya, ko kuwa Arsenal ce ba ta san amfaninsa ba?

Bakatsine Mai Arsenal ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiyar ƙwallon ƙafa. Akwai abin da ya daɗe yana yi mini yawo a rai game da ɗan wasan tsakiyar Suwizalan, Granit Xhaka. Shekara bakwai ya yi a Arsenal, daga 2016 zuwa 2023, kuma a mafi yawan lokacin nan mu magoya baya ba mu gan shi da gashi ba, saboda yawan jan kati da kurakuran da ke jawo a zura mana ƙwallo. Amma yana komawa Bayer Leverkusen ta Jamus sai ga shi ya zama ginshiƙin ƙungiyar da ta lashe Bundesliga ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Shin shi ne ya gyaru da girma, ko kuwa tun farko mu ne ba mu san abin da muke da shi ba?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wanda ya san inda Xhaka ya fito ba zai yi mamaki ba. An haife shi a birnin Basel a 1992, iyayensa Albaniyawa ne da suka yi ƙaura daga Kosovo, kuma tun yana matashi ya ci gasar Suwizalan sau biyu da ƙungiyar Basel kafin ya tafi Borussia Mönchengladbach a 2012, inda aka ɗaura masa kambun kyaftin yana da shekara 22. Mu 'yan Nijeriya ma muna da tsohon tabo daga gare shi, domin yana cikin tawagar Suwizalan ta 'yan ƙasa da shekara 17 da ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na Kofin Duniya a Abuja a 2009. Wato dai ba a Jamus ya koyi ƙwallo yana da shekara talatin ba.

A nawa ganin, matsalar ta wurin da aka ajiye shi ce. An daɗe ana sa shi shi kaɗai a gaban masu tsaron baya, ana so ya yi ta bin abokan hamayya yana ƙwace ƙwallo, alhali ba shi da gudu, kuma baiwarsa tana cikin raba ƙwallo da ƙafarsa ta hagu. Duk sanda aka wuce shi sai ya yi ƙeta, sai kati ya biyo baya. Da kocin Arsenal Mikel Arteta ya tura shi gaba kaɗan a kakar 2022 zuwa 2023, ya bar wa Thomas Partey aikin tsaro, ai kowa ya ga bambanci, har ya ci ƙwallo bakwai a gasar Firimiya. Xabi Alonso, kocin Leverkusen a lokacin, ya tarar da ɗan wasan da ya riga ya nuna, ya kuma gina masa tsarin da ƙwallo ke bi ta ƙafarsa.

Hajiya Mai Sharhi ta amsa:

Malam, na yarda da kai rabi, amma kada mu wanke shi tas. Ranar 27 ga Oktoba 2019, a wasan Crystal Palace, babu kocin da ya sa shi ya mayar wa magoya baya martani ya tuɓe rigarsa yayin da ake yi masa ihu, kuma wannan ne ya sa kocin Arsenal na lokacin, Unai Emery, ya karɓe kambun kyaftin ya ba Aubameyang. Haka kuma a Kofin Duniya na 2018, bayan ya ci Sabiya, alamar gaggafa mai kai biyu ta tutar Albaniya da ya yi da hannayensa ta jawo musu tara daga FIFA shi da abokin wasansa Shaqiri. Zafin zuciya halinsa ne, kuma shekaru ne suka rage masa shi.

Ɗan Zinder ya amsa:

Abin da kuka manta shi ne, a ƙasarsa ba a taɓa shakkarsa irin yadda aka yi a Landan ba. Ya fara buga wa babbar tawaga a 2011 a Wembley, ya je Kofin Duniya na 2014 da 2018 da 2022, kuma a Euro 2016 ya kara da yayansa Taulant wanda ya zaɓi Albaniya. Shi ne kyaftin ranar da suka fitar da Faransa a bugun fenareti a gasar Euro a 2021, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan, sannan a Euro 2024 suka kori Italiya da ci biyu da nema. Tun 2023 ya zarce wasanni 118 na Heinz Hermann, ya zama wanda ya fi kowa buga wa Suwizalan wasa.

Bakatsine Mai Arsenal ya sake rubutawa:

Na gode muku. Ni dai abin da ya fi tsaya mini shi ne ƙwallon da ya ci Kaiserslautern daga nesa a wasan ƙarshe na Kofin Jamus, kwana uku kacal bayan Ademola Lookman na Atalanta ya zura wa Leverkusen uku a Dublin ya hana su Kofin Europa. Da na ji ya koma Sunderland a 2025 har an ba shi kyaftin, sai da na duba ranar da za su haɗu da mu.