Waɗanne kile (sifana) zan fara saya don ƙananan gyaran moto (babur)?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. Ina kilando (acaɓa) da moto Sanili 150 a nan Garwa, ranar Lahadi kuma nakan yi Pitowa saboda kasuwa. Ina so in riƙa yin ƙananan abubuwa da kaina, juyen mai, jan sarƙa, buji (fulogi), gyara birki, ba wai in zama bakanike ba, kawai dai kar ƙaramin abu ya sa in wuni a garaji ina jiran layi. A babbar kasuwa na ga akwati guda mai kaya cike fal, kuɗinsa ma bai kai yadda na zata ba, wani kuma yace min in sayi guda-guda. Dan Allah masu sani wanne ya fi, kuma wane lamba da wane lamba?

Usta Mai Garaji, Marwa:
Wa alaikumussalam ƙanena. Bar akwatin nan inda ka gan shi. Rabin abin da ke ciki har moton ta tsufa ba za ka taɓa shi ba, wanda za ka taɓa kullum kuma shi ne zai fara buɗe baki saboda ƙarfen ba shi da kirki.

Moto irin taka injinta a kan tsarin Honda CG aka yi shi, kuma na Japan da na Sin kawunan notinsu a 8, 10, 12, 14, 17, 19 suke yawo. Lamba 13 da kake gani a kowane akwati na motocin Turai ne, a wurinka sai in wani ya taɓa sa maka baƙon noti. Toh waɗannan shidan ka nema masu kyau, irin mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe gefe ɗaya zobe. 10 da 12 kuwa ka sayi bibbiyu, don akwai wurin da sai ka riƙe ta baya kana kwancewa ta gaba, kuma 10 ɗin nan ɓata yake kamar akuyar da ba a ɗaure ba. Notin ƙafar baya shi ne ba ɗaya ba, ka je da moton har gaban mai kaya ka gwada a jikinta kafin ka ba da kuɗi.

Abin da yaran garaji ke yi yana ɓata min rai shine su kama noti mai tauri da buɗaɗɗen bakin. Shi gefe biyu kawai yake kamawa, kana matsawa ya zame ya cinye kusurwa. Da zoben ake karya taurin, in ya saki sai ka juya ka ƙarasa da sauri. Idan ka samu kile pip, mai kama da bututu, mai kusurwa 6 ma ya fi zobe mai kusurwa 12 riƙo, musamman a notin juyen mai da ke ƙasan inji, wanda yawanci 17 ne. Wannan notin kuma dan Allah kar ka taka kile da ƙafa wajen ɗaure shi, jikin injin alminiyom ne, in zaren ya tafi aiki ya zama babba.

Buji kuma yana da nasa kile mai zurfi, irin injinka 18 yake ci, ƙananan moto masu inji 110 su 16. Ka fara murza shi da yatsa har ya zauna kafin ka sa ƙarfe.

Abba Kusiri:
Usta ya gama magana amma ni gaskiya ban yarda a ce kowa sai ya tara kile shida ba. Kile molet, mai bakin da ake buɗewa a kuma matse, guda ɗaya mai kyau da filaya da sukudireba, ai sun isa mutum ya dawo gida in ta tsaya mishi a hanya. Mu nan da muke tsallake gada zuwa Injamena ba ka da wurin ɗaukar kaya da yawa.

Sannan kar ka manta da ƙaramin sukudireba mai faɗin baki, domin man zuwa-zuwa da muke sha a bakin titi yana zuwa da datti da ruwa, sai ka kwance ɗan sukurun ƙasan kabireta ka zubar, shikenan ta tashi.

Usta Mai Garaji, Marwa:
Abba, molet na hanya ne, na yarda a ajiye shi ƙarƙashin kujera. Amma mutumin nan cewa yayi zai riƙa gyara a gida duk sati. Bakin molet yana wasa komai kyansa, in ka maimaita shi a kan noti 10 sau da yawa zai zama kamar an goge shi, daga nan sai gizago da guduma. In dole ta sa, ka matse shi sosai a jikin notin kuma ka ja ta yadda nauyin zai faɗa kan haƙorin da ba ya motsi.

Malam na Gidar:
Bari in ƙara kan sukudireba tunda ba a tsaya a nan ba. Sukurun kuros, mai yanka gicciye, na injin Japan, wanda za ka ga ɗan ɗigo a kansa, yankansa ya ɗan bambanta da na Phillips da ake sayarwa ko'ina, shi ya sa bakin ke tsalle ya fita ya lalata kan. Mafita mai sauƙi ita ce sukudireban nan da ake bugawa da guduma yana juyawa da kansa, wlh ya ceci murfin inji da yawa. Ba kullum za ka buƙace shi ba, ko ku haɗa kuɗi ku biyu ku uku a tasha ku saya.

Wajen zaɓe kuma, rubutun Cr-V ko Chrome Vanadium a jiki ba hujja ba ce yanzu, kowa bugawa yake. Ka ɗaga ka ji nauyi, ka duba bakin ko a tsabtace aka yanke shi, ka sa a noti ka girgiza, in yana rawa ajiye. Tsohon kile na kamfanin Facom ko Gedore na hannu da ake zubewa a ƙasa ya fi sabon mai ƙyalli mara suna nesa ba kusa ba, sai dai ka lura a cikin tsofaffin akwai masu lambar inci irin 1/2 da 9/16. Shi 1/2 milimita 12.7 ne, a kan 12 zai yi kamar ya shiga amma sako-sako yake. In ba ka samu na hannu ba Ingco da Total ba laifi ga mai aikin gida.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri, Usta na gode ƙwarai. Toh maganar faci fa, in sayi ƙarfen cire taya ko in bar wa masu faci?

Abba Kusiri:
In cikin gari kake bar musu, ko'ina akwai su. In kana shiga ƙauye saya guda biyu da famfo da kayan faci, kuma kar ka kuskura ka cire taya da sukudireba, tsunkule tub ɗin zai yi ka ƙara huda a kan wadda kake da ita.